Laifin ba na kyamara ba ne

Masu koyon ɗaukar hoto kan ɗora wa kyamara laifi idan fuskar amarya ta fito fayau, idanu jajur. Alhali filashin da ke manne a kan kyamarar ne ya jawo: haskensa na shiga ido kai tsaye, ya dawo da launin jinin da ke ciki.

A 2006 David Hobby, tsohon mai ɗaukar hoto na jaridar Baltimore Sun a Amurka, ya fara koya wa mutane su cire filashin su ajiye shi gefe. Gaskiyarsa. Wasu kuma silin suke haskawa, hasken ya sauko a tausashe. Amma in silin kore ne, har ango sai ya fito kore.

Tazarar da ke tsakanin filashi da wanda ake ɗauka ma da lissafinta: in aka ninka ta, hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.