Sharhi: Kaifi Ake Saye, Ba Ado Ba

Wuƙaƙen girki masu zane kamar igiyar ruwa, waɗanda ake kira Damaskas, suna da tsada ƙwarai. Ya kamata 'yan kasuwarmu masu niyyar shigo da su su san abin da suke zuba wa jari.

Maƙeran birnin Seki na Japan sukan sa ƙarfe mai tauri a tsakiya, su lulluɓe shi da ninki 33 ta kowane gefe, jimla 67. Na tsakiyar nan shi kaɗai ke yanka. Sauran kariya ne da ƙawa. Akwai kuma na jabu, waɗanda zane kawai aka yi wa fuskarsu.

Taurin da ke sa kaifinta ya daɗe shi ne kuma rauninta. Tana yanka albasa da tsokar nama sumul, amma bakinta kan ɓantare idan aka sara ƙashi, abin da mahauta da matan gida ke yi kullum.

Saboda haka, kafin a biya kuɗin waje, a tambayi irin ƙarfen tsakiya, a kuma faɗa wa mai saye gaskiyar aikinta. Ciniki ɗaya ba ya riƙe shago.