Katin Asibiti Ba Takardar Banza Ba Ne

A ƙananan asibitocinmu na karkara babu ma'aikacin da jama'a suka raina wa aiki kamar malamin kati. A ganinsu aikinsa bai wuce ya karɓi kuɗi, ya rubuta suna, ya miƙo ɗan guntun kwali ba. Ni kuwa a nawa ra'ayin, a kan teburin nan nasa binciken kimiyya yake farawa, kuma sakacin da ake yi da shi yana jawo asarar da ba a lissafa ta.

Mu ɗauki garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai. Ruwan nan alheri ne, domin da shi ake noman rani na shinkafa da tumatir da albasa. Amma duk inda aka tare ruwa aka ja shi cikin magudanai, to an yi wa wata ƙaramar katantanwa mai suna Bulinus gida, ita ce kuwa mai rainon tsutsar da ke haddasa tsargiya. Mai cutar yakan yi fitsari a bakin ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin katantanwa su hayayyafa, sa'an nan su fito su huda fatar yaron da ya shiga wanka ko manomin da ke ban ruwa. Tun shekarar 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a birnin Alƙahira, kuma akwai maganinta mai suna praziquantel.

To ina ruwan kati da wannan? Idan yara goma suka zo da fitsarin jini cikin wata ɗaya, aka rubuta shekarun kowanne da ƙauyensu da ranar zuwansa, mai duba rajista zai iya ganin cewa bakwai daga cikinsu daga gefen magudana ɗaya suka fito. Ka ga an san inda za a kai magani da wa'azin tsafta. Idan kuwa "ciwon mara" kawai aka rubuta, ko ba a rubuta kome ba, yaran za su sha magani su koma ruwan da ya ba su cutar. Da irin wannan ƙidaya John Snow ya gano famfon da ke yaɗa kwalara a wata unguwa ta Landan a 1854, tun ba a tabbatar da ƙwayar cutar ba. Bugu da ƙari, shi praziquantel gwargwadon nauyin mutum ake ba da shi, watau miligiram 40 ga kowane kilo guda, saboda haka katin da babu nauyin yaro a jikinsa ragagge ne.

Mu Kanawa mun riga mun ga abin da rashin takarda ke jawowa. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya shafi yara 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce an yi da baki. Da aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, sai wata matsala ta taso: wane ne ɗan gwajin, wane ne ba shi ba? Sai da aka koma ga gwajin ƙwayoyin gado kafin a fara biyan iyalai a 2011, shekara 15 bayan faruwar abin.

Batun kuɗi kuma a bayyane yake. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya a nan ƙasar. Manufar ita ce a sayar da magani da rahusa, a juya kuɗin a sake saro wani. A wurare da dama jarin ya karye, kuma cikin dalilan akwai bashin da ba a rubuta ba da cinikin da babu rasit. Ban ce kada a ɗaga wa talaka ƙafa ba. Manomi yakan zo da damina babu ko kwabo, sai kaka zai iya biya, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda yake cikin halin gaggawa. Abin da nake cewa shi ne a rubuta rangwamen, a kuma manna farashin kowane abu a bango da boko da ajami, yadda mai haƙuri ba zai fita yana zargin an cuce shi ba.

Akwai kuma sirri, wanda ya fi wuyar riƙewa a ƙauye, inda malamin kati ya san kowa har kakanninsa. Tsargiya ba mafitsara kaɗai take taɓawa ba, takan shafi al'aurar mata, har a ɗauka ciwon sanyi ne. Matar da ta san za a ɗaga murya a faɗi ciwonta a gaban layi, ko a bar katinta a buɗe a kan benci, gara mata ta zauna a gida da jiƙe-jiƙe. Dokar 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majinyaci, haka ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Wasu za su ce kwamfuta ta zo, ta raba gardama. Gaskiya ne ana tura alƙaluman wata-wata na asibitoci ta manhajar DHIS2 har zuwa Abuja, amma abin da aka kwafo daga rajista shi ake turawa. Saboda haka ina ganin hukumomin lafiya su fara da horar da malaman kati da samar musu da sikeli da akwati mai makulli. Malaman sakandare kuma su koya wa ɗalibai cika jadawali da zana taswirar ƙauyensu a darasin ilmin halittu, domin daga cikin waɗannan ɗalibai ne makarantun koyon aikin lafiya suke ɗaukar masu zama a teburin nan.