ZAUREN IYALI: Lalle, Kwalli da Iskar Hunturu

Ga Disamba ta kama, hazo ya rufe duwatsun Dutse, leɓe ya soma tsagewa. Daga Kiyawa har Jahun da Birnin Kudu tela ba ya barci, masu kitso da masu ƙunshi kuwa sai an bi layi. Kafin ku miƙa hannu a yi muku zanen Kirsimeti, muna da magana.

Bara, da aka komo makaranta bayan hutu, wata yarinya 'yar aji shida ta zo da hannunta a naɗe cikin gyale. Muka ce ta ɗauki alli, ta kasa. Da ta buɗe, sai ga zanen furen da aka yi mata ranar jajibere ya tashi ya yi bororo, kowane layi da ruwa a ciki. Uwarta ta ɗauka kambun baka ne. Malamin asibiti ya duba, ya ce ba bakin kowa ba ne, dayis ne. Mako uku yarinyar nan ba ta yi rubutu ba, har yau kuma tabon furen yana nan.

Wannan ya tuna mana da mutanen Indiya. Wanda ya taɓa kallon fim ɗin Sholay na 1975 ya ga yadda suke watsa wa juna garin launi, ja da kore da rawaya, har ba a gane fuskar kowa. Sunan bikin Holi, na mabiya addinin Hindu ne, ana yinsa lokacin da wata ya cika, yawanci cikin Maris. Ba sujadarmu ba ce, amma akwai abin koyo. A dā launin nasu daga tsiro yake, wato kurkur, da ganyen darbejiya, da furen wani itace da suke kira palash. Daga baya 'yan kasuwa suka kawo launin masana'anta mai araha, wani da dalma a ciki, wani da zaiba. A 2012, a birnin Mumbai, mutum fiye da 100 aka kai asibiti bayan bikin, da yawansu yara. Saboda haka matan can sukan shafe jiki da kai da man kwakwa, su ɗaure gashi, kāna su fita, domin kada launin ya kama fata. Masu hankali cikinsu kuma sun koma ga launin ganye.

Ashe abin da ya same su shi ne ya same mu. Kakanninmu sukan tsinko ganyen lalle, su shanya a inuwa, su daka, su tankaɗe, su kwaɓa da ruwa. A sa hannu cikin zunguru, a ƙunshe ƙafa da tsumma, a yi haƙuri har gari ya waye. Abin da yake fitowa ja ne, ko ruwan goro. Lallen gaske ba ya yin baƙi, kuma ba ya kamawa cikin minti 20. Wanda yake yin baƙi ƙirin nan da nan an haɗa shi da maganin rina gashi, mai wani sinadari da likitoci ke kira PPD. Ba a yi shi domin a zauna da shi a kan fata ba. Mugun halinsa shi ne ba ya nuna kansa a ranar. Sai bayan kwana biyu, wani lokaci har mako guda, ƙaiƙayi da kumburi su taso. Jikin da ya ƙi shi sau ɗaya kuwa ya ƙi shi ke nan har tsufa, ko rina gashi mace ta yi daga baya, fuska tana iya kumbura.

Sai kwalli. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, yawancinsa dalma ce. A 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci suka sami dalma cikin jinin wani jariri ɗan Nijeriya. Da aka bi sawu, sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, an auna shi, dalmar ta fi kashi 80 cikin 100. Mun kuma san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki. Dalmar ba ta sa shi kuka a ranar, ƙwaƙwalwa take ci a hankali, mu malamai kuwa mu ne muke ganin ƙarshenta a aji. Kada garin neman gira a rasa ido.

To, me za mu yi? Ga shawararmu.

1. Ku sayi ganyen lalle ku daka da kanku, ko a kwaɓa a gabanku. In mai zane ta fito da ƙaramar kwalba ko ƙunshin baƙin gari, ku tambaya ba tare da kunya ba.

2. Wadda za ta rina gashi ta ɗiga kaɗan a bayan kunne, ta jira kwana biyu cif. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, ta bar shi.

3. Kada a sa wa jariri lalle, ko na ganye ne. Akwai yaran da ake haifa da wani raunin jini mai suna G6PD, ya fi yawa ga maza, lalle yana iya farfasa jininsu. Kwalli ma a raba shi da yara.

4. Mai shi ne garkuwa a hunturu. Man kaɗanya, ko man riɗin da muke nomawa a nan Jigawa, a shafa da zarar an fito wanka, tun jiki da sauran laima. Ruwa mai ɗumi ya isa, mai zafi ƙwarai yana ƙara bushewa. Mai faso ta jiƙa ƙafa da dare, ta goge kaushi, ta shafa mai, ta sa safa.

5. A wanke kai da karkashi ko sabulu marar kaifi, a shafa mai a fatar kai kafin kitso. A ce wa mai kitso ta sassauta hannu, gama kitson da ya hana yarinya barci shi ne yake cinye gashin goshi. In za a fita cikin ƙura, a ɗaura ɗankwali.

6. In zane ya soma zafi, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu nan take. Kada a fasa bororo, kada a shafa toka ko man goge haƙori. A tafi asibiti. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, kada a jira gari ya waye.

Wani zai ce, to, ai gara a bar ado gaba ɗaya. Ba haka muke nufi ba. Littafi Mai Tsarki ya ambaci furen lalle cikin Waƙar Sulemanu 1:14, Esta kuma wata 12 ta yi ana gyara ta da mai da turare kafin ta shiga wurin sarki (Esta 2:12). Ku lura, wata 12 ne, ba minti 20 ba. Manzo Bulus ya koya mana cewa jikin nan ba namu ba ne, mazaunin Ruhu ne (1 Korantiyawa 6:19), wanda aka ba amana kuwa ba ya zuba wa kayan amana abin da bai sani ba.

Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata su karanta wannan a taronsu na gaba, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji. Wadda ta iya daka lalle ta koya wa 'yan mata tun sauran mako guda. Ku ma iyaye maza, in aka zo karɓar kuɗin ƙunshi, ku tambaya wane iri ne. Maƙwabtanmu Musulmi kasuwa ɗaya muke ci da su, mai zane ɗaya ce take yi mana duka, sai mu gaya musu su ma.

Allah ya kai mu Kirsimeti lafiya, ya komo mana da 'ya'yanmu aji cikin Janairu da hannun da zai riƙe alli. Amin.