Lambar Owens da hannun da ta bi

Duk wanda ya ce maka lambar Olamfik da ke hannunsa zinare ce tsantsa, ka fara tambayarsa shekararta. Tun bayan gasar Stockholm ta 1912 ba a sake ƙera ta da zinare zalla ba, azurfa ce ake yi wa wanka da ruwan zinare. Ke nan dutsen gwajin maƙeri ba zai raba gardamar ko lamba ta gaske ce ba. Dubi lambar Jesse Owens ta gasar Berlin a 1936, wadda aka yi gwanjonta a 2013 kan kusan dala miliyan ɗaya da rabi. Babu sunansa a jikinta, babu sunan wasan da ya ci, haka aka raba lambobin wannan shekarar. Masana sukan auna nauyi da faɗi, milimita 55, su ɗora madubi a gefenta su nemi hatimin B.H. Mayer, kamfanin garin Pforzheim na Jamus da ya buga ta. To amma iyakar abin da wannan ya nuna, ta Berlin ce, kuma 'yan wasa da dama sun koma gida da irinta. Abin da ya mai da ita ta Owens shi ne hannun da ta bi: ya ba abokinsa ɗan rawa Bill Robinson kyauta, ta zauna wurin iyalinsa har aka kai ta gwanjo. Ni dai a ganina wannan tarihin aka saya. In mai sayarwa ya kasa faɗa maka daga hannun wa ta fito, mai da kuɗinka aljihu.