Mai Banda da Mai Nono Ba 'Yan Rakiya Ba Ne

Duk inda aka zauna shawarar ruwa ko ta dabbobi, daga Yawuri har Nguru, maza ne cike da tabarma: sarkin ruwa, arɗo, sarkin fawa, dillalan kara da jami'in ƙaramar hukuma. Ka tambayi ina matan, a ce maka ai mace ba ta jan taru, ba ta bin shanu daji, to me za ta faɗa? Wannan hujjar ta malalata ce, ta wanda ya ɗauka sana'a a bakin ruwa take ƙarewa.

Kifi ba ya zama kuɗi sai an gyara shi, an yi banda ko an soya, an kai kasuwa kafin ya ruɓe. A garuruwan bakin tafkin Kainji, mata da yawa a nan jarinsu yake. Idan aka ƙara kuɗin rumfa, ko icce ya yi tsada, ko aka bar masu taru mai ƙaramin ido suna kwashe 'ya'yan kifi, su asarar ke fara duka.

A ruga kuwa, nono na mace ne tun kaka da kakanni. Ita ke kaɗa mai, ita ke kai ƙwarya gari, da cinikin take sayen cefane. A gidan Bahaushe ma, akuya da kaji galibi nata ne. Amma da zarar an buɗe cibiyar sayen madara, sau da yawa sunan maigida ake rubutawa, kuɗin ya sauya aljihu. Ranar rigakafi a bi shanu, a manta da awaki, domin masu awakin ba sa wajen da aka tsara.

Sai a ce mijinta ya wakilce ta. Da yawun wa? Musulunci ya mallaka wa mace dukiyarta; saniyar sadakinta tata ce, ba ta miji ba. Wakilci kuma sai da yardar mai abu.

Kada a fake da cewa baƙuwar al'ada ce. A Nijar, kwamitocin filaye da suka samo tushe daga dokar karkara ta 1993 suna da kujerar wakiliyar mata. Najeriya ta yi alkawarin bai wa mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai tun 2006, har Babbar Kotun Tarayya ta umarci a cika shi a 2022. An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, amma rikicin burtali da mashaya a gaban dagaci ake warware shi, ba a Abuja ba.

Ba kuma "shugabar mata" ake nema ba, wadda ake tunawa da ita ranar rabon atamfa. A bai wa mata ƙuri'a a kwamitocin ruwa da kiwo, a ba su ma'aji, a sa hannunsu kafin a fitar da kuɗin ƙungiya. Duk kwamitin da ya ƙi, ƙaramar hukuma ta hana shi rajista da tallafi.