Tatsuniyoyin Girkawa a hannun 'ya'yanmu: hani ko jagora?

Ɗalibin sakandare a Jangebe, Talata Mafara, Bakura ko Maradun yana iya cin karo da labaran gumakan Girkawa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce aji, inda aka daɗe ana karanta wasan kwaikwayon Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, wanda aka fara nunawa a 1968, aka kuma gina shi a kan labarin Oedipus na Sophocles. Ta biyu ita ce wayar hannu, inda littattafan yara irin su Percy Jackson na Rick Riordan, da suka fara fitowa a 2005, suke mayar da Zeus da Poseidon jarumai abin sha'awa. Shin mu hana, ko mu ja-goranta?

Masu tsoro suna da hujja. Malaman sira sun ruwaito cewa Nadru bin Haris yakan zauna a Makka yana ba da labaran Rustum da Isfandiyar na Farisa domin ya kawar da hankalin mutane daga Alƙur'ani. Haka kuma masu fassarar Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun (813–833) sun ɗebi likitanci da lissafi da falsafar Girkawa, suka bar waƙoƙin gumakansu. Sai a 1904 Sulaiman al-Bustani ya fitar da Iliad cikakkiya da Larabci a Alƙahira.

Sai dai sanin ɓata daban, bin ta daban. Alƙur'ani da kansa ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi domin ya tona rauninsu. Hisham Ibnul Kalbi ya rubuta Kitabul Asnam a kan gumakan Larabawa, Shaharastani kuma ya tattara aƙidun al'ummai a cikin Al-Milal wan-Nihal. Laifin Nadru shi ne niyyarsa ta sanya tatsuniya a gurbin wahayi.

Mu Hausawa ma muna da abin koyi. Abubakar Imam ya tsinto labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da Indiya, ya tace su, ya sa musu rigar gida a Magana Jari Ce.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a ja-goranta, bisa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, tauhidi ya riga: yaron da bai san siffofin Allah a Islamiyya ba, kada a miƙa masa littafin da gumaka ke aure da kishi da yaudara. Na biyu, kada ya karanta shi kaɗai. Malami ko mahaifi ya tambaye shi, wanda ake iya yaudara ya cancanci bauta? Na uku, a kwatanta. Oedipus ya faɗa cikin masifar da aka yanke masa tun kafin haihuwa, babu mai jin ƙansa, alhali mu mun yi imani da ƙaddarar Ubangiji Mai adalci, wanda ya ba bawa zaɓi, ya kuma buɗe masa ƙofar tuba.

Tun bayan sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a ranar 26 ga Fabrairu, 2021, duk yaron da ya ci gaba da zuwa aji a wannan yanki ganima ce ga al'umma. Kada littafi guda ya zama dalilin cire shi. Malaman Islamiyya su nemi jerin littattafan adabin da ake koyarwa, su karanta, su tanadi amsa kafin yaran su zo da tambaya.

Allah ya tsare imanin zuri'armu, ya ba su ilimi mai amfani.