Yaron da ke ganin ja cikin baƙaƙe

Bahaushe da kalma guda yake aikin gaɓoɓi huɗu. Mai noman albasa a Madawa yana jin kiran salla da kunne, yana jin warin albasa da hanci, yana jin yajinta da harshe, yana jin zafin rana a jikinsa. Ido kaɗai aka ware masa tasa kalma, gani. Haka kuma ake cewa murya mai zaƙi, ko baƙar magana, alhali ba wanda ya taɓa lasar murya, ba wanda ya ga launin magana. Wannan salon magana ne, kowa ya san da haka.

Amma akwai mutanen da abin ya wuce salon magana gare su. Wani in ya dubi harafin A, ja yake gani, ko da da baƙin alƙalami aka rubuta. Wani in an buga kalangu, sai launi ya gilma masa. Wani kuma ko wace rana ta mako da launinta, Juma'a fara, Talata shuɗiya. Masana na kiran abin sinestezi, wato haɗuwar ji da gani.

A 1880 wani masani na Ingila, Francis Galton, ya yi rubutu a kan masu irin wannan gani, ya lura abin yana bin dangi. A 2006 wani bincike a Birtaniya ya samu kamar mutum 4 cikin 100 suna da shi. In lissafin ya yi daidai a nan, ƙauye mai mutum 500 a Buza ko Keita ba zai rasa kamar 20 ba. Yawancinsu ba su faɗi, don suna tsammanin kowa haka yake gani.

Masana suna zaton daga ƙwaƙwalwa ne. Wurin da ke gane baƙaƙe da wurin da ke gane launi maƙwabta ne, ga waɗannan mutane hanyoyin tsakaninsu sun fi yawa.

Inda matsala take shi ne lakkol da ajin yaƙi da jahilci. Yaro ya ce 5 kore ne, malami ya ce iskanci ne, ya ɗauko bulala. A gida kuma a ce iskoki ne, a saida akuya a kai ma boka. Akuyar ta tafi a banza, don ba cuta ba ce, ba ta buƙatar magani. Wasu ma tana taimakonsu riƙe lissafi da sunaye.

Gane mai gaskiya ba wuya. A tambaye shi launin baƙaƙe goma, a rubuta a ajiye. Bayan wata uku a sake tambaya. Mai ƙarya zai rikice, mai gaskiya zai maimaita yadda ya faɗa.

Sai dai in babba ne, abin ya zo masa farat ɗaya tare da ciwon kai mai tsanani, ko suma, ko farfaɗiya, wannan daban ne. A kai shi likita ranar nan.